Yatsan Plinio

Ranar Alhamis aka sayar da Wilkin, gwanin bugun ƙungiyarmu ta besbol. Na san shugabannin kulob ba sa son wannan kalma, su musaya suke cewa. Amma ni da na ga mutumin ya fito daga ofishin manaja yana murza hularsa, idanunsa jawur, ban san wani suna da zan ba abin ba.

Muna ɗakin sauya kaya, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, kowa da kwanon shinkafa da wake a cinya. Cuco, bahagon mai jifanmu wanda bakinsa ba ya hutawa, yana tsakiyar wani labarin ƙarya, sai Wilkin ya tsaya a tsakiyar ɗakin.

"Na zama Zakara," ya ce.

Cokula suka tsaya. Zakarun Villa Caoba su ne abokan gabarmu tun kakanni. A garinmu ko fenti mai kalar rigarsu ba a shafa wa gida.

"Da wa aka canza ka?" in ji Cuco.

"Plinio Quezada."

Ba wanda ya ƙara kallon Wilkin. Ni aka juyo ana kallo.

Sunana Nicanor Frías. Shekara biyar ina rufe wa Masuntan Puerto Almendro ƙofa a wasan besbol. Zagaye na tara, na ƙarshe, nawa ne. In muna gaba da ci ɗaya ko biyu wayar turke, inda masu jifa ke jiran kira, ta yi ƙara, ba a ma tambayar wa ake nema, ni nake miƙewa in je in fitar da masu bugu ukun da suka rage. Amma a Disamban nan sau uku aka damƙa mini wasa a hannu na zubar. Shekarata talatin da huɗu. Akwai wasu Japanawa biyu da ke zama bayan raga da littattafan rubutu suna neman mai rufe ƙofa, kuma ba wanda ke ƙetaro teku don kallon mutumin da ke jifa a zagaye na bakwai. Plinio shi ke rufe wa Zakaru ƙofa. Kulob ba ya ba da gwanin bugunsa ya karɓo irin wannan mutum don ya ajiye shi a benci.

"Ku tsaya in gane," in ji Cuco. "Duk faɗin Dominika mutum ɗaya ne ke cin Plinio kamar ayaba, shi ne Wilkin. Wato mun sayo kazar, mun ba maƙwabci shahon? Wane mai digirin ne ya yi wannan lissafi?"

Ba a yi dariya ba. Wilkin ya zuba kayansa a jaka, ya ɗaure sandunansa shida da igiya, sannan ya ja ni lungun da ke bayan wurin wanka.

"Suruki," ya ce, "maganar yatsa ta mutu a bakinka."

"Ka san al'adar Baba Baldemiro a turke."

"Al'adar uwar wa? Sun jefar da ni kamar ɓawon rake. Abin nan shi kaɗai zan tafi da shi. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Ga maganar yatsa. Jifa biyu gare Plinio. Akwai wuta, mai isowa kafin ka ƙifta ido. Akwai sanyi, wadda ke barin hannunsa tamkar wuta amma ta yi nauyi a hanya, mai bugu ya kaɗa sanda a iska kafin ta ƙaraso. Wanda bai san wadda ke tafe ba ya shiga uku. Shekara uku da suka wuce gwiwar hannuna ta kumbura, na yi sati biyu a benci ba abin yi sai kallo. Nan na lura. Plinio na barin manunin yatsansa a wajen safar hannunsa ta fata, kamar yadda da yawanmu ke yi. In zai jefa sanyi dole ya cusa ƙwallon can cikin tafinsa, to a daidai lokacin yatsan nan na waje yakan ɗaga kaɗan, kamar ɗalibi mai son tambaya yana jin kunya.

Kamata ya yi in gaya wa dukan masu bugunmu. Ban yi ba. A lokacin ina neman Yudelka, ƙanwar Wilkin, shi kuwa ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Wasu kan kai turare, wasu su kai akuya. Ni yatsan Plinio na kai. Tun daga ranar Wilkin ya fuskance shi sau goma sha ɗaya, ya buge shi sau bakwai, huɗu sun tsallake katanga. Tun daga ranar kuma aka fara zuba mini miya a gidansu ba sai na tambaya ba.

Plinio ya iso ranar Juma'a. Dogo ne, siriri, da sarƙar zinariya biyu da wani tabo a haɓa. Bai gaishe da kowa ba. Ya shigo turke, wato shingen da mu 'yan karɓar jifa ke zama a ciki can bayan fili, ya dubi bencin, ya zauna a ƙarshensa kusa da waya. Wurina ne, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Baba Baldemiro, kocinmu, ya shekara talatin a wannan turke. Ya tafa hannu sau biyu.

"A zazzage aljihu."

Al'adarsa ke nan, kuma ta girmi yawancinmu. Duk ranar da abokin gaba ya sa rigarmu, za a zagaye shi, kowa ya faɗa masa abin da ya sani game da shi lokacin da ake yaƙarsa. Abin da ka ɓoye don ka cuce shi jiya, yau hakkinsa ne. Baba yakan ce wanda ya bar ko tsinke a aljihu, ba baƙon ya cuta ba, garin ya cuta.

Cuco ya fara. "In ka fusata kana gaggawar jifa. Shi ya sa muke zagin mahaifiyarka daga benci."

"Na ji ku," in ji Plinio. "Ita ma ta ji. Ta ce a gaishe da mai murya irin ta akuya."

Wani ya ce in akwai mutum a tasha ta farko, inda mai bugu ke fara yada zango in ya ruga, yakan ƙirga biyu kafin ya jefa, kullum biyu. Wani ya ce ba ya son ƙwallo sabuwa. Plinio na gyaɗa kai yana ɓare gyaɗa, kamar ana karanta masa labarin wani can.

"Nicanor," in ji Baba.

"Ba ni da komai, Baba."

"Shekara biyar kana kallonsa."

"Masu bugu nake kallo, ba masu jifa ba."

Baba ya daɗe yana dubana. Idanunsa ƙanana ne, sun yi fari-fari a gefe, amma ban taɓa jin nauyin kallo irin nasa ba.

"Ku ƙyale dattijo," in ji Plinio, ya tofar da ɓawo dab da takalmina. "Idon da ya yi wata guda bai ga tsakiyar farantin da ke gaban mai bugu ba, me zai gani a jikina?"

Na miƙe, Cuco ya riƙe mini ɗamara. Na yi farin ciki da wannan zagin, ba zan ɓoye ba. Ya sauƙaƙa mini ƙaryata.

Kwana goma sha shida muka yi a haka. Ya rufe wasa biyar, bai bari an ci ko ɗaya ba. Mutanen da suka yi shekaru suna jifansa da ɓawon lemo suka fara rera sunansa. Ni aka mayar da ni zagaye na bakwai, lokacin da rabin 'yan kallo ke layin sayen soyayyar kaza. Ya laƙaba mini suna Mai Bakwai. "Mai Bakwai, miƙo ruwa." "Mai Bakwai, ka gama? To zo ka ga yadda ake yi." Ni kuma na zubar masa da kofi sau biyu na ce hannuna ne ya goce. Wata rana na tarar an ɗaure takalmana a saman raga. Ba mu taɓa haɗa ido ba sai da niyyar mugunta. Japanawan nan kuwa, in na hau tudun jifa sai su rufe littattafansu su shiga hira.

Kullum yana ɗumama hannu taku goma daga inda nake zaune, kullum ina ganin yatsan yana ɗagawa. Na yi mamakin yadda duniya duka ta makance ta bar ni ni kaɗai da ido.

Ranar Asabar da rana na je gidan su Yudelka. Washegari za mu kara da Zakaru a filinmu, wanda ya ci shi zai wuce zagayen neman kofi, wanda ya faɗi ya tafi gida. Na same ta a baranda tana feraye rogo, ta ɗaure gashinta da jan ƙyalle. A Fabrairu za a ɗaura mana aure. Ban san yadda zan kwatanta Yudelka ba tare da na zama abin dariya ba. In ta yi shiru, ji nake kamar an kashe wutar gari. Ranar kuwa shiru ta yi har na gama gaishe da mahaifiyarta na zauna.

"Sau arba'in Yaya ya shiga bugu tun da ya koma can," ta ce, ba ta ɗago ba. "Huɗu ya samu. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan tashar mota. Jiya wani ya watsa masa giya a kan titi, wai ɗan leƙen asirin Masunta ne."

"Zai warware."

"Gobe zai warware. Manajansu ya gaya masa baki da baki, don mutum ɗaya aka kawo shi, Plinio."

"Yudelka, rigata da ta Plinio iri ɗaya ce yanzu."

Ta ajiye wuƙar. "Riga? Shekara tara Yaya yana sa ta, cikin minti biyar aka tuɓe masa. Kar ka kawo mini zancen riga a gidan nan. Kyauta ka ba shi, Nicanor. Ɗan halak ba ya komawa ya karɓe kyauta."

"Ban ce zan faɗa ba."

"To me ya kawo fuskar waliyyin nan? In Yaya ya aika ƙwallon mutumin nan cikin teku gobe, wa za a mayar wa zagaye na tara? Ni?"

Abin da na yi kwana goma sha biyar ina ɓoye wa kaina ke nan, ta ɗauko shi ta ajiye a faifai kusa da rogo. Ina ta gaya wa zuciyata amana nake riƙewa, ashe jira nake a kayar mini da mutum ba tare da hannuna ya taɓa shi ba.

Ta ga yadda na yi, ta ɗan sassauta. Ta sa bayan hannunta a kumatuna, yana ƙanshin ƙasa da rogo.

"Ba abin da aka ce ka yi," ta ce. "Shiru kawai. Ko shi ma ya fi ƙarfinka?"

Ƙarfe uku na ranar Lahadi aka fara. Filin ya cika har kan katanga, ganguna da ƙahonni, ga 'yan Villa Caoba da suka zo cikin motoci goma sha biyu, an killace su a gefe guda da 'yan sanda. Wilkin ya fito cikin jar riga, rabin filin na tafa masa, rabi na kiransa maci amana. Ba a neme ni a zagaye na bakwai ba, wanda ya fara mana jifa ya kai har na takwas. Muna da huɗu, suna da uku.

Waya ta yi ƙara. Baba ya ɗauka, ya ajiye.

"Plinio."

Ya tashi ya cire rigar sanyi ya fara ɗumama hannu. Kowa a turken ya iya lissafi. Wilkin ne na uku a jerin masu bugu na zagaye na tara. Ko Cuco ya yi shiru.

Wuta. Wuta. Yatsa ya ɗaga, sanyi. Na kawar da kai na dubi teku ta saman katanga.

Masu bugunmu suka gama nasu ba su ƙara komai ba. Mai gadi ya zare sakatar ƙofar turke, ihun mutane ya shigo mana kamar ruwan da ya ɓalle. Plinio ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya, daidai inda nake jingine. Na ga jijiyar wuyansa na harbawa, leɓɓansa sun bushe.

"Mai Bakwai," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya kallona. "Surukinka ne. Me yake gani a jikina?"

Ya matso kusa da ni.

"Shekara uku ina kallon hotunan wasa har idona ya yi ciwo. Na canza safa, na canza tsayuwa, har wurin wata mata mai duba na je. Me shegen nan yake gani?"

Da zagina ya yi, da na riƙe. Na shirya wa zagi. Ban shirya wa tambaya ba.

"Yatsanka," na ce. "Na waje. In za ka jefa sanyi yana ɗagawa."

Ya dubi hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya motsa yatsan. Sannan ya dube ni.

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara uku."

"Kwanana nawa a nan?"

Alƙalin wasa na ɗaga masa hannu daga can. Ya tofa yawu a ƙirjin rigata, ya juya ya fita da gudu.

Ban ankara ba na ji an shaƙo wuyan rigata daga baya. Baba Baldemiro ne, tsoho mai shekara sittin da takwas, ya maka ni da raga.

"Ɗan iska! Munafuki! A bakin ƙofa? A bakin ƙofa ake gaya wa mutum wannan?"

"Shi ya tambaya, Baba."

"Ni ma na tambaya! Kwana goma sha shida da suka wuce na tambaye ka, da muna da lokacin gyarawa. Ko ka faɗa ranar, ko ka haɗiye har gobe. Ana fafe gora ranar tafiya? Ka zuba masa ƙuda a kai, yanzu da me zai yi jifa, da hannu ko da tunani?"

Na san haka. Duk wanda ya taɓa hawa tudu ya sani. Hannun mai jifa ba ya son a tuna masa da kansa. Har yau in na kwanta nakan tambayi kaina ko don in cece shi na faɗa ko don in ƙarasa shi, kuma ban samu amsar da ta kwana biyu a wuri ɗaya ba.

Muka manne da raga muna kallo. Plinio ya hau tudu, ya cusa yatsan cikin safa. Tun yana ɗan shekara tara yatsan nan ke waje. Jifan farko ya bi ta saman kan mai cafka. Na biyu ya daki ƙasa. Jifa huɗu a jere ba wanda ya bi ta kan faranti, mai bugu ya ajiye sanda ya taka zuwa tasha ta farko a kyauta. Plinio ya fito da yatsan, ya dube shi, ya mayar. Mutum na biyu ma haka, kyauta. Filin ya fara gunaguni.

Waya ta yi ƙara. Baba ya ɗauka ya saurara, fuskarsa kamar ya tauna maɗaci.

"Tashi," ya ce mini, bai kira sunana ba.

Na fara ɗumama hannu, ina jifa ina waige. Wilkin ya shigo wurin bugu. Ya gyara ƙasa da ƙafa, ya ɗaga sanda, ya dubi safar Plinio. Na ga lokacin da ya gane. Ya sauke sandar, ya fita daga wurin, ya juyo gaba ɗaya ya dubi turke. Tsakaninmu ya fi taku ɗari, amma na rantse har cikin ƙashina na ji kallon nan.

Jifan farko ya kauce. Na biyu wuta ce, ta ƙwace daga hannun Plinio ta nufi ciki. Wilkin ya ɗaga hannu ya kare fuska. Ƙarar da na ji ba ta sanda ba ce.

Ya durƙusa riƙe da wuyan hannunsa na hagu. Bencin Zakaru ya fashe, namu ma haka. Mu na turke ka'ida ce mu ruga mu shiga, ko ba mu san wa za mu daka ba. Na isa tsakiyar fili ina haki, ana ture-ture da ashar. Mutum uku sun kewaye Plinio suna kare shi, amma ba wanda ya nufe shi da gaske. Wilkin ya miƙe, ya ratsa ta gefensa ko kallo bai yi masa ba. Ni ya nufa.

Da hannu ɗaya ya cakumi rigata.

"Suruki," ya ce, hawaye na zuba, ban san ko na zafi ba ne. "Suruki! A tukunyar uwata ka ci!"

Ya sake ni, ya kwaɗa mini naushi a kunne. Ban ɗaga hannu ba. Ba don kirki ba. Na san in na rama za a kore ni daga wasan.

Aka kori Wilkin, aka kori Plinio, wai da gangan ya yi. Wanda ƙwallo ta buga kyauta yake zuwa tasha ta farko, don haka wani ya tsaya can a madadin Wilkin. Tashoshi uku duk da mutane, ba a fitar da ko ɗaya ba, ci ɗaya ne tsakani. Manaja ya miƙo mini ƙwallo.

"Ban san me ke tsakaninku ba, ban kuma damu ba," ya ce. "Mutum uku nake so."

Kunnena na ƙara, bakina na ɗanɗanon jini. Ban taɓa jifa irin na ranar ba. Na farko na fitar da shi da jifa uku, ko taɓawa bai yi ba. Na biyu ya daki ƙwallon ta gangara ƙasa zuwa ga mai tsaron tsakiya, ya cilla, aka sake cillawa, mutum biyu suka fita a bugu ɗaya. Filin ya tashi. Aka ɗaga ni sama. Mutum dubu goma sha biyar na kiran sunana, waɗanda makon jiya suke cewa in je in kama sayar da kifi. Ta bayan raga na hango Japanawan, dukansu biyu suna rubutu.

A ɗakin sauya kaya masu bugu na watsa wa juna ruwa suna rawa. Ɓangaren 'yan turke kuwa tsit. Labari ya riga ni isa. Cuco ya ja kujerarsa ya matsa, ya juya mini baya. Baba ya zo ya tsaya a kaina.

"Manaja ya ce zagaye na tara naka ne daga yau. Na gaya masa abin da ka yi. Ya ce shi ba limamin coci ba ne." Ya dube ni ido cikin ido. "Shekara talatin ba a taɓa yi mini ƙarya a da'irar nan ba. Zan ɗauki waya, zan ce ka tashi. Bayan wannan kar ka ƙara ce mini Baba."

Plinio na zaune a can ƙarshe, bai cire ko takalmi ba. Sai da ɗakin ya ragu ya taso. Na miƙe, na zaci duka ne.

"Zauna, ba na dukan tsofaffi," ya ce. "Gobe ƙarfe ɗaya ka zo turke. Za ka zauna a gabana ka kalli hannun nan, duk sanda ya motsa ka yi magana. Kullum, har ya daina."

"In na ƙi fa?"

"Ba za ka ƙi ba. Ba ka da wanda zai yi maka magana a nan sai ni." Ya sunkuyo har ina jin numfashinsa. "Sati biyu zai ɗauke ni. Ka ci zagayenka da kyau kafin nan, domin zan karɓe shi a gaban idonka, kuma wannan karon da hannunka za ka taya ni."

Na fito rana ta faɗi, sararin sama ya yi ja a kan teku. Motar Wilkin na tsaye a bakin ƙofar 'yan wasa, Yudelka ce a mazaunin direba. Shi yana baya, hannunsa a naɗe, ya jingina kai da gilashi ya rufe ido. Na ƙarasa. Ta sauke gilashi rabi.

"Ƙashin ya tsage," ta ce. "Sati shida. Gasar ta ƙare masa."

"Yudelka, tambayata ya yi. Ban yi niyya..."

"Sun mayar maka?"

Wasu matasa suka wuce da ganga, suka gan ni, suka ɗauki sunana da ihu.

"Tambayarka nake. Sun mayar maka da zagayen?"

"Sun mayar."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na samu abin riƙewa.

"To ka riƙe shi da kyau," ta ce. "Kar ka zo gidanmu. Mama ta ji a rediyo."

Ta ɗaga gilashi. Motar ta kutsa cikin taron a hankali, mutane na dukan bayanta suna yi wa jar rigar da ke ciki ihu. Wani mai sayar da gyaɗa ya kama hannuna na dama ya sumbace shi, ya ce Allah ya ƙara masa shekara goma. Na ce amin. Na tsaya a wurin da jakata a kafaɗa har aka kashe fitilun fili, sannan na tari babur.